Kumburin ciki a kifin beta: Yadda ake gane musabbabinsa kafin a nemi magani

A 'yan shekarun nan kifin ado ya samu shiga falukan gidaje da ofisoshi da shagunan manyan biranenmu. Daga cikin nau'o'in da suka fi ɗaukar ido akwai wani ɗan ƙaramin kifi da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, mai dogayen fukafukai kamar an yafa masa mayafin siliki, ja ko shuɗi ko fari, wanda ake kira beta. Masu sayar da shi kan tallata shi da cewa ba shi da wahalar kiwo, kwalba ɗaya da ɗan abinci sun ishe shi. Da wannan zato mutane da dama ke kai shi gida. Sai wata safiya mai shi ya leƙa ya tarar cikin kifin ya yi tulu kamar ya haɗiye ƙwayar wake, yana shawagi a karkace a saman ruwa, ko kuma ya kwanta a ƙasa ya kasa tasowa.

A irin wannan lokaci hannu ya fi saurin kaiwa ga magani. Wani ya barbaɗa gishiri, wani ya fasa kafso ya zuba, wani ya juye ruwan gaba ɗaya ya wanke kwalbar da omo. Sau da yawa wannan gaggawar ce ke ƙarasa kifin. Kumburin ciki alama ce da abubuwa daban-daban ke haifarwa. Akwai wanda yunwar kwana uku kaɗai ke warkarwa, akwai wanda ba ya bukatar komai sai a bar shi, akwai kuma wanda da wuya kifi ya tsira daga gare shi. Aikin farko na mai kifi shi ne ya rarrabe tsakaninsu, kuma yawancin wannan aiki da ido ake yin sa.

Inda kifin ya fito

Asalin beta ƙasar Tailan ce, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta na Kudu maso Gabashin Asiya. Can yake rayuwa a fadamun shinkafa da kududdufai da ƙananan magudanan ruwa masu ɗumi, waɗanda ruwansu ba ya gudu da ƙarfi. Mutanen ƙasar sun daɗe suna kiwonsa don haɗa mazansa faɗa, shi ya sa har yau ba a ajiye maza biyu a wuri ɗaya. Wani masanin kifaye ɗan Ingila, Charles Tate Regan, shi ne ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens a 1910, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Abubuwa biyu daga wannan asali ne suka shafi batunmu. Na farko, beta maci-nama ne. A daji abincinsa tsutsar sauro ce da ƙananan ƙwari da ke faɗowa kan ruwa, kuma hanjinsa gajere ne, ba a gina shi don narkar da tarin gari ba. Na biyu, yana da wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, kamar yadda tarwaɗarmu ke yi. Wannan baiwa ce ta sa yake jure ƙazamin ruwan da zai kashe wani kifin cikin kwana biyu, kuma ita ce ta jawo masa ɗauri a cikin kofi da kwalba. Juriya dai ba lafiya ba ce. Kifin da ke shan wahala a hankali cikin ruwa mai sanyi da datti, wata rana wahalar za ta bayyana a cikinsa.

A duba shi ta sama

Yawancinmu ta gefen gilashi muke kallon kifi. Amma dubawa mafi muhimmanci ta sama ake yin ta. A ɗauke murfi, a haska fitila, a tsaya daidai kan kifin a kalli bayansa. Idan ɓawon jikinsa a kwance yake sumul, kumburin kuma a wuri ɗaya yake, wato ƙasan kai, bayan maƙogwaro kaɗan, akwai kyakkyawan zato cewa matsalar ta abinci ce. Idan kuwa ɓawon ya mimmiƙe yana tsaye ta kowane gefe kamar bayan abarba ko ƙayar bushiya, jikin kuma ya faɗaɗa dama da hagu, wannan alamar taruwar ruwa ce a jiki, kuma lamarin ya yi tsanani.

Bayan wannan sai a lura da kashinsa. Kashin lafiyayyen beta gajere ne, launin ƙasa-ƙasa, ana ganinsa a ƙasan tanki. Idan an kwana biyu ko uku ba a ga komai ba, ko ana ganin wani dogon abu yana reto a jikinsa ya ƙi faɗuwa, to ciki ya bushe. Fari mai tsawo kamar zare yana iya nufin hanji babu abinci, yana kuma iya nufin akwai ƙwayoyin cuta a ciki, musamman idan kifin na ramewa ta baya alhali cikin na ƙara girma. Wanda ke da tsakuwa a ƙasan tankinsa zai sha wuyar ganin kashi, don haka ya fi sauƙi a mayar da kifin wani mazubi mai tsabta marar komai a ƙasa har a gama lura da shi.

Halinsa ma na magana. Kifin da ya ƙoshi fiye da kima yakan ci gaba da zirga-zirga, yana buɗe fukafukai idan ya ga inuwarsa, yana tasowa da gudu idan ya ga hannun mai ba shi abinci. Wanda cuta ta kama daga ciki kuwa yakan naɗe fukafukai, launinsa ya dusashe, ya ɓuya a kusurwa, ya ƙi kallon abinci. Idan idanu sun firfito tare da kumburin, wannan ma alamar ruwa ce. Kafin a yanke hukunci, mai kifi ya tambayi kansa abin da ya faru a kwanakin baya: wa ya ba shi abinci kuma sau nawa, yaushe aka canza ruwa, an yi sanyi da dare ko an bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne?

Ƙoshi da bushewar ciki

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mafi sauƙi. Beta ba ya cewa ya ƙoshi. Zai yi ta ci muddin ana zuba masa, kuma ya iya roƙo, yana rawa a gaban gilashi kamar wanda ya kwana uku bai ga abinci ba. A gidan da yara uku ke son kifin, ko ofishin da kowane ma'aikaci ke jefa masa ƙwaya idan ya wuce, zai ci abincin mako a yini guda. Mai shi kuma ya ga ciki ya cika ya ce kifi ya yi ƙiba, alhali kallon kitse yake yi wa rogo.

Masu kiwo kan ce tumbin beta bai fi girman idonsa ba. Wannan kwatance ne kawai, amma yana da amfani wajen riƙe hannu. Ƙananan ƙwayoyi biyu zuwa huɗu, sau biyu a rana, sun wadatar da babban kifi. Ingancin abincin ma abin dubawa ne: wanda aka fi cika shi da garin alkama ko masara, ko busasshiyar tsutsa da ake bayarwa kullum, sun fi saurin toshe ciki. Abincin tarwaɗa da wasu ke ɗibowa daga buhu don sauƙin kuɗi an haɗa shi ne don kifi ya yi nauyi cikin watanni, kuma ƙwayoyinsa sun yi wa bakin beta girma.

Maganin shi ne a daina ba shi abinci kwana biyu zuwa uku. Wannan ne matakin da ya fi yi wa masu kifi wuya, domin tausayi kan hana su, amma babban beta ba ya cutuwa da yunwar kwana uku. A lokaci guda a tabbatar ruwa na da ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos, domin kifi ba ya samar da zafin jikinsa da kansa. Idan ruwa ya yi sanyi, narkewar abinci ma sai ta yi sanyi. A kuma canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Sau da yawa a rana ta biyu ko ta uku za a ga kashi a ƙasa, ciki kuma ya sauka.

Idan aka dawo da abinci, a fara da ɗan kaɗan. Mafi dacewa shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa da ake kira dafniya, wanda ake sayarwa a daskare ko a bushe a wasu shagunan kifin ado. Ɓawonsa na taimakawa wajen tura abin da ya tsaya a hanji. Tsutsar sauro ma abincinsa ce ta asali, amma a ɗebo ta daga ruwa mai tsabta, kada a kwaso daga kwata, kada kuma a ajiye bokiti ana kiwon sauro a gida da sunan abincin kifi. Akwai wata shawara da ta yaɗu ƙwarai, ta a dafa koren waken nan da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa, a ɓare shi a ba kifin. Dabara ce da aka aro daga masu kiwon kifayen da ke cin ganye. Wasu sun ce ta yi musu aiki, amma a ganina ba ita ce ta farko ba ga kifin da hanjinsa na nama ne. Wanda bai samu komai ba sai ita, ya gutsuri abin da bai fi kan allura ba, sau ɗaya.

In an yi kwana uku ciki bai motsa ba, sai a koma ga wankan gishirin Efsom. Wannan ba gishirin miya ba ne. Sinadarin magnesiyam salfet ne, wanda ya samo sunansa daga garin Efsom na Ingila, ana kuma samunsa a kemis. A nemi tsantsa, wanda ba a sa masa turare ko launi ba. Ma'aunin da masu kiwo suka fi amfani da shi shi ne babban cokali ɗaya a cikin lita 4 na ruwa. A narkar da shi sarai a wani mazubi daban, da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na tanki, a sa kifin minti 10 zuwa 15 ana tsaye a kansa. Da zarar ya fara kifewa ko ya daina motsi, a cire shi nan take a mayar da shi ruwansa. Sau ɗaya a rana ya isa, na 'yan kwanaki.

Wajibi ne a yi gargaɗi kan kanwa. Mun saba ba dabbobinmu ita, wani zai iya cewa abin da ya yi wa saniya amfani zai yi wa kifi. Kanwa na sauya yanayin ruwa farat ɗaya, tana ƙona sassan numfashin kifi, kuma ɗan gutsure a cikin ƙaramar kwalba ya isa ya kashe shi.

Kifin da ya kasa daidaita iyo

A cikin jikin kifi akwai wata jakar iska da ke taimaka masa tsayawa a kowane zurfi ba tare da wahala ba. Idan hanji ya cika ya danne ta, sai kifin ya rasa daidaito: ya riƙa tasowa sama kamar gora, ko ya nutse, ko ya yi iyo da gefe. Abin na da ban tsoro a ido, amma idan ƙoshi ne ya jawo shi, yana tafiya tare da kumburin. Abin da za a ƙara a kan matakan da aka ambata shi ne a rage zurfin ruwa zuwa kamar santimita 10 zuwa 12, a rage ƙarfin na'urar tace ruwa, a kuma sa masa faffaɗan ganye kusa da sama inda zai kwanta. Dalili shi ne beta na bukatar kai bakinsa sama ya shaƙi iska. Wanda ya kasa tasowa zai galabaita ko da ruwan na da kyau.

Idan ɓawo ya miƙe

Nan ne magana ta yi nauyi. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa na shiga jikinsa dare da rana ta fata da sassan numfashi. Ƙodarsa ce ke aikin fitar da shi ba hutawa. Ranar da ƙoda ta gaza, ko hanta ta lalace, ruwan sai ya taru a ciki da ƙarƙashin fata, ya tura ɓawo waje. Abin da ke kai ƙoda ga gazawa yawanci ƙwayoyin bakteriya ne, irin su Aeromonas, waɗanda dama suna zaune a kusan kowane ruwa, ba sa samun galaba sai kan kifin da sanyi da datti suka raunana. Tsufa ma na jawo shi, domin beta kan yi shekara biyu zuwa huɗu ne a hannun mai kiwo, kuma da yawa sun kusa shekara kafin a saye su.

Gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba ita ce, kifin da ɓawonsa ya riga ya miƙe sosai, kaɗan ne ke tashi. Wanda aka gano da wuri, yana ci yana motsi, shi ne ke da dama. A ware shi a mazubi mai tsabta da ɗumi, a riƙa canza wani ɓangare na ruwan kullum, a yi masa wankan Efsom don rage kumburi. Wankan sauƙi yake kawowa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Maganin da aka fi amfani da shi a wannan hali shi ne kanamaisin, domin yana ratsa jikin kifi ko da ba ya cin abinci, kuma akwai wanda aka haɗa musamman don kifi, da ma'auninsa a jikin kwali. Wasu likitocin kan kuma sa ɗan tsantsar gishiri da aka auna a ruwan don rage wa ƙoda aiki. Duk wannan ya fi kyau a yi shi da shawarar likitan dabbobi, musamman wanda ya saba da gonakin kifi.

Fasa kafson mutane a zuba a tanki da ka, ba tare da sanin ma'auni ba, ɓarna biyu yake yi. Yana iya ƙara wa ƙodar da ta riga ta gaji nauyi, kuma yana kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a na'urar tace ruwa, sai datti ya ƙaru a daidai lokacin da kifin ya fi bukatar ruwa mai kyau.

Idan kifin ya kwanta da gefe kwana da kwanaki, ba ci ba motsi sai numfashi da ƙyar, rahama ita ce a sauƙaƙa masa. Hanyar da aka fi yarda da ita a gida ita ce man kanumfari: a kaɗa 'yan ɗigo a ruwan ɗumi, a zuba a hankali a mazubinsa har barci ya ɗauke shi, sannan a ƙara har numfashi ya tsaya, a jira aƙalla minti 10 don tabbatarwa. Ba a jefa kifi mai rai a masai ko a firiza. Gawar a binne ta. Mai kifi kuma ya wanke hannu da sabulu, kada ya tsoma hannu mai rauni a ruwan, domin akwai wata ƙwayar cutar kifi, dangin ta tarin fuka, da ke iya shiga ta tsagar fata ta haifar da ƙurji mai jinkirin warkewa.

Sauran dalilai ba sa bukatar dogon bayani. Macen beta, wadda ake ganewa da gajerun fukafukai da ɗan farin ɗigo a ƙasan ciki, kan cika da ƙwai ta yi tulu alhali lafiyarta ƙalau; yawanci takan zubar da su ko jikinta ya shanye su. Kumburin da ke gefe ɗaya, mai tauri, da ke girma a hankali cikin makonni, ya fi kama da ƙari, kuma babu maganinsa a gida. Kifin na iya rayuwa da shi wata da watanni. Idan kuwa farin kashi ne da rama, likita kan ba da metronidazol, wanda muka fi sani da Flagyl, a cakuɗa da abinci.

Ruwa da sanyi a yanayinmu

Za a iya zaton kifin ƙasa mai zafi ba zai ji sanyi a nan ba. Amma a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, daren Kano ko Zariya kan sauka ƙasa da digiri 15, na Jos ma ya fi haka. Kwalba mai lita ɗaya ko biyu na bin iskar ɗaki cikin 'yan sa'o'i, ta yi sanyi da asuba ta yi ɗumi da rana, kuma wannan hawa da sauka ya fi sanyin kansa gajiyar da kifi. Haka abin yake a ofishin da na'urar sanyi ke aiki daga safe zuwa yamma a kashe ta da dare. Tanki mai lita 20 ya fi riƙe ɗumi, ƙaramar hita ta ruwa mai wat 25 ta ishe shi, kuma ma'aunin zafi na manne wa gilashi ba shi da tsada. Idan an ɗauke wuta a daren sanyi, a lulluɓe tankin da bargo, a cika gorar roba da ruwan ɗumi a rufe ta a sa ta yi shawagi a ciki. Kada a zuba ruwan zafi kai tsaye.

Kashin kifi da ragowar abinci na rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce ko da ruwan na nan garau a ido. Bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita wani abu mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a sabon tanki. Shi ya sa wanke komai da sabulu ko omo ke mayar da hannun agogo baya. A canza kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, a ɗauraye soson matata da tsohon ruwan tankin. Ruwan famfo na ɗauke da sinadarin kulorin, don haka a ɗiga masa maganin da ke kashe shi, wanda ake sayarwa tare da kayan kifi. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da wannan matsala in ba a sa masa magani ba, amma a bar shi ya kwana a ɗaki ɗaya da tankin don ɗuminsu ya daidaita.

Lokacin tafiye-tafiye, kamar hutun Sallah ko zuwa saro kaya, shi ne lokacin da kumburi ya fi samun kifi, domin an bar wa maigadi ko yaro gwangwanin abinci an ce ya riƙa ba shi. Lafiyayyen beta zai kwana huɗu ko biyar ba abinci ba tare da wata illa ba. In tafiyar za ta wuce haka, a ƙirga ƙwayoyin kowace rana a ƙunshe su a takarda daban-daban, a rubuta ranar a kan kowane ƙunshi, a kulle gwangwanin a durowa.